Ginshiƙan Da Suka Yi Mini Gurnani

Ƙi-Faɗi suke ce mini a layin kafintoci, kuma ba ni na raɗa wa kaina ba. Tun ina saurayi na faɗo daga rufin sito, na dira a kan tarin yashi, na miƙe da gudumata a hannu ban sake ta ba. Wadrob ta taɓa danne ni a kan matakala, jama'a suka taru suna salati, da aka ɗaga ta aka tarar ina duba ko madubin ya fashe. Wutar lantarki ta kama ni, ta gaji don kanta ta sake ni. Zarto ya ci kan ɗan yatsana guda, ya bar mini sauran don ya gane da wa yake yi. Ban taɓa zama a aji ba, amma har yau ba a haifi mai takardar da zai kalli katako ya faɗi abin da ban riga shi gani ba. Duk da haka, ginshiƙan da na yi da hannuna sun kusa sa ni yin wasiyya.

Autata tana auren wani mutum mai sanyin hali, ba ya ɗaga murya, ba ya yawo, abu ɗaya ne ya ɗauke masa hankali a duniya, kallon fim. Da ya gina gida sai ya ware ɗaki guda a ƙasa, babu taga ko ɗaya, ya ce na kallo ne. Allo ya cinye bango guda. Majigi yana rataye a silin. Kafet kuwa ƙafa nitsewa take yi a ciki. Ga sifikoki gaba da baya, ga wata baƙar akwati a kusurwa da ba ta magana, sai ƙugi, irin wanda a ciki ake jin sa ba a kunne ba. Abin da ya ɓata masa rai wayoyi ne, sun bi bangon hagu da na dama kamar kabewa ta yi yaɗo. Ya ce yana son ginshiƙai huɗu na ado, biyu nan biyu can, daga ƙasa har silin, su ɓoye wayoyin, ɗakin kuma ya yi kwarjini.

"Baba," ya ce da ni, "akwai kamfanin da ke irin wannan aikin, amma na ce ina da kai in tafi waje? Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan."

Na ce, "Yau ka yi magana irin ta masu hankali. Kamfani ai gam suka sani."

Auta tana tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannu. "Tsani kuma, Baba? Ka manta abin da muka yi da kai?"

Ban manta ba. Yayana, wanda ya fara ɗora mini guduma a hannu, shi ma kafinta ne, kuma ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, ko da yake bai kai ni iya ado ba. Wata rana muna aiki ya ce ƙudan zuma sun shiga kunnensa na hagu. Muka yi dariya. Bayan nan ya ce hannun hagunsa kamar tururuwa na yawo a ciki. Ƙusa ta riƙa zame masa. Abin yakan zo ya tafi, ya fi zuwa in ya zauna shiru. Rannan da safe ya faɗi a gefen benci, ɓarin jikinsa ya shanye. Shekaru ya yi a kwance, baki a karkace, ni nake juya shi, yana kallon ƙofa yana jin ana fita da kayan aikinsa ɗaya bayan ɗaya. Auta tana yarinya lokacin, ita ke kawo masa ruwa a kofi mai hanci. Tun da ta girma, uwarta kuma ta rasu, ta kafa mini doka: ranar da jikina ya nuna wata alama, ko ƙanƙanuwa, ranar za ta rufe shagona ta ɗauke ni zuwa ɗakin baya na gidanta, in zauna da silifa da carbi ina jiran abinci.

Na ce mata, "Ke, tsani ya san ni. In na hau shi ma natsuwa yake yi."

Kafin in fara, surukin nawa ya kawo mai sauti, wanda ya jona sifikokin. Mutum ne siriri mai ƙaramin gemu, ya shigo yana tafa hannu a tsakiyar ɗaki yana karkata kai, kamar mai kiran kaji. Ya dubi zanen da na yi a bayan kwali, ya ce, "Baba, aiki zai yi kyau. Amma don Allah katakon ya zama mai kauri, kuma kada a bar cikinsu fanko. A cusa wani abu mai laushi."

Na ce, "Ɗana, ka taɓa buɗe wadrob ka ga an cusa mata tsumma a bango? Tsumma gidan ɓera ne, gidan laima. Aikin ƙwarai cikinsa fes yake, ko ba wanda zai leƙa. Kai ka riƙe wayarka, ni in riƙe katakona."

Ya buɗe baki, ya dubi furfurata, ya rufe. Yaro mai tarbiyya.

Na tafi kasuwar katako da kaina. Ni ba na sayen katako da ido. Yaya ya koya mini: ka ɗaga falanki, ka ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa, ka kasa kunne. Wanda ya ce ɗif, ya yi shiru, ko jiƙaƙƙe ne ko ƙwaro ya ci cikinsa, ka ajiye shi. Wanda ya amsa, ya ce dummm har ka ji shi a haƙori, wannan ya bushe, lafiyayye ne, zai binne ka ya binne jikanka. Tun safe nake ƙwanƙwasa har mai katakon ya ce ko dai amarya nake zaɓe. Na tsince masu murya zalla, sirara, marasa nauyi, kowanne kamar ƙirjin ɗan dambe.

Aikin kuwa, ba yabon kai ba, ko makaho ya shafa sai ya yi kabbara. Na tsaga musu layuka daga sama har ƙasa, na sassaƙa ganye a kawunansu, na goge da samfefa har ƙuda in ya sauka sai ya zame. Na yi musu fenti fari mai jijiyoyin toka-toka, duk wanda ya shigo sai ya rantse dutse ne. Wayoyi suka shige ciki, na rufe ruf, ko allura ba za ta sami hanya ba. Da na gama na ƙwanƙwasa kowanne, kowanne ya amsa mini. Na ce madalla, 'ya'yan halak.

Yanzu sai in gabatar muku da Reza. Ita ce mahaifiyar surukina, a gidan take zaune. Tela ce tun tana budurwa, har yanzu keken ɗinkinta na ƙafa yana ɗakinta. A gabanta Hajiya nake cewa, a bayanta Reza, don harshenta ba ya wuce abu bai yanka ba. Tun ranar da 'ya'yanmu suka yi aure muke kamar zarto da ƙusa. Ta zo ta zagaya ginshiƙan, ta shafa, ta ce, "Malam Ƙi-Faɗi, ashe dai ka iya wani abu ban da surutu."

Na ce, "Hajiya, wannan yabon a rubuta shi a bango, don na san ba zan sake ji ba."

Ranar hutu da rana aka yi kallon farko. Auta da mijinta da jikoki suka cika kujerun tsakiya. Mu tsofaffi aka ajiye mana manyan kujeru biyu a gefe, don mu miƙe ƙafa, in fitsari ya matsa kuma mu fita ba mu taka kowa ba. Ni a bangon hagu, kujerata manne da ginshiƙi, Reza can a bangon dama. Aka kashe fitila. Fim ɗin na jirgin ruwa ne, da yaren da ba na ji, mutane suna ta ihu a cikin hadari. Na jingina, na ɗora gwiwar hannu, ina jin daɗin kaina.

Sai na ji su. Zuuu, a kunnen hagu, can ciki. Ƙudan zuma.

Na sa yatsa na sosa kunnen. Suka yi shiru, suka dawo. Kafin in ankara hannun haguna ya fara, tun daga kafaɗa har yatsu, tururuwa na hawa suna sauka. Na ɗan karkata wajen surukina, na ce a hankali, "Wannan zuuu ɗin na fim ɗin ne?"

Ya ce, "Wane zuuu, Baba?"

Ko a cikin duhu na ga kan Auta ya juyo kamar na shaho. Na yi maza na ce, "Zolayarsa nake. Ku yi kallonku."

Ban san yadda jirgin nan ya ƙare ba. Na dai san da aka kunna fitila na miƙe da ƙyar, na ƙi cin abinci, na ce ina da aiki. A hanya kunnen bai daina ba, yana ɗan tsiwa kamar sauro a cikin kwalba.

Ku sani, ni ban taɓa jin tsoron mutuwa ba, mun sha haɗuwa da ita a kan hanya, ita ke kaucewa. Abin da na tsorata da shi gadon Yaya ne. In kwanta ana juya ni, ina jin ana ɗaukar zartona.

Na shiga gwada kaina a ɓoye. Ina da wata wadrob da ban kai wa mai ita ba, sai in tsaya gaban madubinta in yi murmushi, in duba ko baki ya karkace. Tsoho da furfura yana yi wa wadrob murmushi, Allah ya sa ba wanda ya leƙo. In damƙi guduma da hagu in ɗaga ta sama in ga ko za ta faɗi. A shago ba na jin komai, amma ai shago hayaniya ce, ga injin yanka, ga mai walda a maƙwabta, kuma na Yaya ma a zaune shiru ya fi kama shi. Rannan ƙusa ta zame mini ta faɗi. Ƙusa da ta sha faɗuwa tun kafin a haifi Auta. Na tsaya ina kallon ta a ƙasa kamar an aiko mini sammaci.

Hutu na gaba na koma, na ce bari in tabbatar. Ko kujera ban gama ɗumamawa ba suka iso, wannan karon har haƙorana na hagu. Na riƙe hannun da ɗan'uwansa ina murzawa a ɓoye. Na sake komawa wani hutun, haka. To magana ta ƙare.

Na fara shafa wa kayan aikina mai, ina jera su. Na daina faɗa da masu ajiye babur a ƙofar shagona. Har mai walda ya leƙo, ya ɗage baƙin gilashinsa, ya ce, "Lafiya, Ƙi-Faɗi? Kwana biyu ban ji ka zagi kowa ba. Layi ya yi sanyi."

Na ce, "Girma ne ya zo."

Ya ce, "Girma? Kai? To Allah ya sawwaƙe."

Auta kuwa jinina ce, ba a ɓoye mata abu. Ta zo shago da kanta, ba ta ko zauna ba. Ta ce, "Baba, na ga kana murza hannu. Na ga kana sosa kunne. Gobe da hantsi ka same ni a gida, in dawo daga kai yara, mu wuce asibiti." Ta buɗe jaka za ta ɗauki makullin mota, sai na hango shi a ciki, sabon kwaɗo, babba, mai ruwan zinare, ko daga ledarsa ba a cire shi ba. Na san ƙofar da aka saya wa shi.

Na ce, "Ke da wa za ku rufe shagon?"

Idonta ya ciko, ta juya ta tafi. Da ma ta yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi.

Washegari na yi sammako, na riga lokaci. Na ce bari in shiga ɗakin kallon nan in ga ginshiƙaina ni kaɗai, tunda ga dukkan alamu su ne aikina na ƙarshe. Tun daga matakala na ji ƙugi. Na tura ƙofa. Fitila a kunne, fim ɗin jirgin nan yana ta yi, ba kowa a ɗakin sai Reza. Tana zaune a kujerata, ta hagu, rimot a cinyarta, ta ɗora gwiwar hannu daidai inda nake ɗorawa.

Na ce, "Hajiya, ko mutuwa ban yi ba an fara rabon gado?"

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yanke ni ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Ta nuna ɗaya bangon da haɓa. "Malam Ƙi-Faɗi, je ka zauna a kujerata."

"Don me?"

"Kai dai zauna. Yau ɗaya ka yi abin da aka ce ba gardama."

Na tafi na zauna a ta dama. Ta danna rimot, ta mayar da fim ɗin baya, wurin da igiyar ruwa ke dukan jirgi. Baƙar akwatin nan ta yi ƙugi. Sai ga ƙudan zuma. Zuuu. Amma a kunnen dama. Tururuwa suka hau hannun dama. Na ɗaga na hagu na dube shi, lafiya lau, kamar ba shi ne ya hana ni barci ba.

Na ce, "Hajiya, ciwon ya yi ƙaura."

Ta ce, "Nawa ma ya yi. Tun ranar farko yake cin damata, yau ya koma hagu."

Na ce, "Ke ma?"

"Ni ma. Na bar gishiri, na bar nama, na kira 'yar ƙanwata na ce ta zo ta ɗauki kekena. Ban gaya wa ɗana ba, don na san shi, zai nannaɗe ni a bargo ya ajiye kamar ƙwai. Wancan hutun ina murza hannuna a cikin mayafi, haske ya faɗo daga allo, sai na hango ka can kana murza naka. Ni dama, kai hagu. Ni tela ce. In na ga hannun riga biyu sun tattare a wuri ɗaya, ba na zargin mai rigar, yankan nake zargi."

Na miƙe. Na ce ta sake mayar da igiyar ruwan. Na shimfiɗa tafin hannuna a jikin ginshiƙin. Yana karkarwa, wallahi, kamar fatar saniya in ƙuda ya sauka. Na manna kunne, ga ƙudan zuman nan gaba ɗaya a ciki, da sarkinsu. Kujerar tana jingine da shi, duk rawar da ya yi sai ta bi katakon kujera ta shiga hannun mutum. Na ce ta tsayar da fim ɗin. Ɗaki ya yi tsit. Na ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa. Dummm. Muryar nan ce, ita ce dai, wadda na yini a kasuwa ina nema.

Ban san lokacin da na zauna a kan kafet ba. Dariya ta kama ni, irin wadda ke fitowa daga ƙasan ciki, har hawaye, har tari. Na ɗaga hannayena biyu sama ina juya su kamar yaro ya sami sabuwar riga. Reza ma ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna tsalle, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ban kuma tambaya ba.

Da numfashi ya dawo mini na ce, "Amma fa ki faɗi gaskiya, Hajiya. A duk layinmu wane kafinta ne ginshiƙinsa ke amsa waƙa?"

Ta sauke mayafi. Reza ta dawo. "Ginshiƙi? Ganga ka yi mana, Malam. Ganga huɗu, ka yi musu fenti, ka zaunar da ni a gindin ɗaya. Saura kaɗan in yi kyautar kekena a banza."

"Ai ingancin katakon ne ya yi yawa."

"Ingancin bakinka dai."

Muna cikin haka muka ji takun Auta. Ta shigo da jaka a kafaɗa, fuska a ɗaure, ta gan ni a ƙasa, ta yi ƙara ta zubar da makulli. "Baba! Faɗuwa ka yi?"

Na ce, "Sunana fa? Zo nan. Zauna a kujerar nan, ɗora hannunki nan."

"Baba, ba lokacin wasa ba ne."

Reza ta ce, "Zauna, 'yata. Ni ma sai da na zauna."

Ta zauna a ɗofane. Aka saki igiyar ruwa. Ba ta daɗe ba ta zabura ta miƙe tana yarfe hannu, tana duba kujerar kamar kunama ta harbe ta. Na kama tafinta na manna a ginshiƙin. Na ga abin yana shiga kanta a hankali. Su a tsakiya ba sa ji, gurnanin yana narkewa cikin hayaniyar fim kafin ya kai gare su, sai wanda ya jingina da shi yake shan sa shi kaɗai. Ta dube ni, ta dubi surukarta, sai ta faɗa ƙirjina tana kuka tana dukana da ɗan dunƙulenta.

"Shi ne ba za ka faɗa ba? Makonni ina kwana ina tashi da kai a raina!"

"In faɗa ki rufe mini shago?"

"Asibitin dai sai mun je. Ku duka biyun."

Muka je, don a zauna lafiya. Likita ya ɗaura mini abin awo a dantse, ya haska kunnena, ya sa na matse masa yatsu. Na matse har ya ce ya isa. Ya ce jinina daidai yake. Ni dai abin da na fahimta daga fuskarsa shi ne bai taɓa ganin tsoho irina ba, ko da yake Auta ta ce bai faɗi haka ba. Reza ma aka ce ta koma cin gishirinta, kaɗan-kaɗan.

Aka kira mai sauti. Ya shigo, ya ɗora hannu a ginshiƙi, ya dube ni, ya ce, "Baba..."

Na ce, "Na san abin da za ka faɗa. Ni ma tun farko abin ya zo mini a rai."

Ya shafa gemunsa ya ce, "Haka ne, Baba." Na ce muku yaron yana da tarbiyya.

Shi ya faɗi abin da ake so, ni na san yadda za a yi. Na ɓalle bayan kowane ginshiƙi ba tare da na taɓa fentin gaba ba, wannan kuwa sai ni. Na manna katako mai kauri daga ciki, na gicciya masa haƙarƙari don kada ya sami wurin rawa. A gindi na ajiye ƙananan buhunan yashi busasshe. Sai maganar abin cusawa. Mai sauti ya fara lissafa abin da za a sayo, Reza ta ce a dakata. Ta sa aka fito da buhuna daga ƙarƙashin gadonta da saman wadrob, ƙyallayen da ta rage tun tana amarya, ba ta taɓa zubar da ko ɗaya ba. Ɗanta ya sha roƙon ta ta bari a kwashe, tana cewa ranarsu na zuwa.

Ta ce, "To ga ranarsu."

Na ce, "Ɓera fa?"

Ta ce, "Ɓeran da ya shiga kayana bai fito da wutsiya ba."

Muka zauna a kan kafet muna cusawa, ni da ita. Kowane ƙyalle ta ɗaga sai ta faɗi mai shi: wannan rigar sunan ɗana ce, wannan ta wata mata ce mai wuyan raƙumi da ta ce na gajarta mata. Mai sauti ya ce kada a danna da ƙarfi, a bar shi sako-sako ya sha iska. Ya kuma roƙe ni in huda dogayen tsaga a gefen da ke kallon allo, don sauti ya shiga ya mutu a ciki maimakon ya dawo. Na huda su a cikin layukan ado, inda ido ba zai kama ba. Reza ta ɗinka baƙin yadi mai shara-shara ta ɗame shi ta ciki, ko tattara ɗaya babu. Na ce mata ɗinkin ba laifi. Ta ce ita ma a rubuta mata a bango.

Da na rufe na ƙarshe, na ja kujerun nesa da bango kamar tafin hannu, na tsaya. Na dunƙule yatsa na ƙwanƙwasa. Ɗif. Kamar ka bugi buhun gari. Tun da Yaya ya koya mini sana'a, in katako ya ce mini haka jefar da shi nake yi. Ranar kuwa sai da na shafa kansa.

Mai sauti ya tsaya a tsakiya ya tafa hannu, ya karkata kai, ya yi murmushi. Ya ce amsa-kuwwar da ke yawo tsakanin bango da bango ma ta ragu, ɗakin ya fi yadda yake kafin a sa ginshiƙan. Surukina da ya dawo ya kunna fim, ya ce yanzu har numfashin mutanen yake ji, ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya. Na ce masa ai haka aikin manya yake, sai an bi shi mataki-mataki. Reza ta yi tari.

Hutun da ya biyo baya na zauna a kujerata ta hagu, aka sa jirgin ruwan nan don ni, in ga ƙarshensa. Hadari ya taso, baƙar akwati ta yi ƙugi. Na kasa kunne. Ba ƙudan zuma, ba tururuwa. Hannuna yana kwance a cinyata kamar kyanwa ta ƙoshi. Daɗi ya ratsa ni tun daga wuya har tafin ƙafa, kuma har yau ban san yadda jirgin ya ƙare ba, don barci ya ɗauke ni. Jikoki suka ce Reza ta sa an tsayar da fim, ta ce akwai sauran ginshiƙi guda a bangon hagu da bai daina gurnani ba, a kawo ragowar ƙyallen.

Da zan tafi, Auta ta rako ni ƙofa. Na miƙa mata hannu na ce, "Kawo."

"Me?"

"Abin da ke cikin jakarki. Na shagona ya tsufa, yana cije makulli."

Ta ciro kwaɗon, har yanzu a ledarsa. Makullai uku ne a jikinsa. Ta fara ƙoƙarin zare ɗaya ta riƙe, na ce a'a, duka. Ta harare ni irin hararar uwarta, ta saka mini su a tafi.

Shi ne a ƙofar shagona yanzu. Ni nake rufe shi da yamma, ni nake buɗe shi da safe, da hannun hagu, don mai walda ya gani. Jiya ma wani ya ajiye babur a bakin ƙofar, na wanke shi tas tun daga kansa har tayar babur ɗin. Mai walda ya ɗage gilashi ya ce, "Alhamdu lillahi, layi ya dawo."